Gawayi ba kwal ba ne: nazarin darasin makamashi a wani aji biyu na 'yan mata a Kano

A zangon farko na shekarar karatu ta 2024/2025 aka turo mana sabuwar malamar kimiyya, aka damƙa mata aji biyu na ƙaramar sakandare. Makarantarmu ta gwamnati ce, ta 'yan mata zalla, a cikin Badala. Ajin nata ɗalibai tamanin da 'yan kai ne a ɗakin da aka gina domin rabin haka, wasu a kan benci, wasu a kan tabarma a gindin allo. Ɗakin gwaje-gwaje akwai shi da suna, amma abin da ke aiki a ciki bai wuce ma'aunin zafi guda biyu da 'yan kwalabe ba. Ni ne shugaban sashen kimiyya, don haka duba littafin shirin darasinta da zama a bayan aji jefi-jefi duk suna wuyana. Da haka na ga yadda babin makamashi da ɗanyen mai ya gudana tun daga farko har ƙarshe.

Makon farko ta bi littafi sau da ƙafa. Ta raba allo gida biyu, ta jera rana, iska, ruwa da itace a ɓangaren masu sabuntuwa, ta jera kwal, fetur, kananzir da iskar gas a ɓangaren masu ƙarewa, duk da Turanci kamar yadda littafin ya zo da su. Yara suka kwafa, suka yi ta maimaitawa da murya ɗaya har ajin da ke maƙwabtaka yana jiyo su. Ranar Alhamis ta yi musu ɗan gwaji, sai dai ta karkata tambayar kaɗan: kowace yarinya ta ambaci abubuwa uku da ake amfani da su a gidansu, ta faɗi ɓangaren da kowanne yake, ta kawo dalili. Nan haddar ta watse.

Washegari ta same ni a ofishin malamai da takardun a hannu, ta ce, "Malam, ko dai ni ce ban iya ba? Shekaranjiya fa babu wadda ba ta amsa mini ba." Na ce ta ajiye jan biron tukuna, mu ware takardun nan bisa irin kuskuren da ke ciki, mu bar zancen maki.

Inda kurakuran suka taru

Tsibi mafi girma na gawayi ne. Sunan gawayi a Turance yana ɗauke da sunan kwal a wutsiyarsa, kuma a cikin yaran nan babu wadda ta taɓa ganin kwal da idonta, saboda haka suka mayar da su abu ɗaya. Wasu suka rubuta cewa gawayin da ummansu ke saya a leda haƙo shi ake yi a Inugu, wasu kuma suka ce kwal ana samunsa ne idan aka ƙona ice a daji. Na biyu shi ne gas. A Kano idan direban tirela ko mai injin niƙa ya ce gas ya yi tsada, man dizal yake nufi, idan kuwa matar gida ta ce gas ya ƙare, silinda take nufi. Wata yarinya ta rubuta cewa gas ruwa ne da ake sayarwa a jarka, ta kuma yi gaskiya bisa abin da ta sani. Sai wuta, wadda ita ce ta murhu, ita ce kuma ta soket. Kusan rabin ajin sun sa "Nepa" ko janareta ko batir a jerin tushen makamashi.

Takarda ɗaya ce ta fi tsayar da mu. Mai ita ta rubuta cewa rana ba makamashi ba ce, tunda ba a sa ta a murhu. Na daɗe ina kallon wannan amsa, domin a Hausar kakanninmu ita ce daidai. Makamashi asali abin da wuta ke kamawa ne: ice, kara, ƙirare, busasshen kashin shanu. Gidajen rediyo ne suka buɗa kalmar ta haɗiye fetur da lantarki da hasken rana. Turancin littafin ya ware abin da ake ƙonawa da abin da ke fitowa daga cikinsa, kowanne da sunansa, mu kuwa muka zuba su a kwano ɗaya, muka ƙara da "ƙarfi" wanda muke kiran abubuwa uku ko huɗu na kimiyya da shi.

Abin da na gaya wa Malama a ranar shi ne, yaran nan sun fi ni da ita sanin makamashi a aikace. 'Yar shekara goma sha uku a cikin gari ta san ɗanyen ice hayaƙi ne kawai, ta san kara yana ci bal-bal ya mutu nan take, ta san gawayin ƙirya ya fi daɗewa a kurfoti shi ya sa maƙera ke nemansa, ta san risho yana baƙanta tukunya idan lagwani ya lalace. Iliminta dai ya tsaya ne a wurin mai saye da sayarwa. Daga shagon mai gawayi zuwa baya, duhu ne.

Tambaya ɗaya, a yi ta maimaita ta

Ranar Litinin ta shigo da sharuɗɗa biyu. Na farko, a wannan aji makamashi shi ne abin da ake ƙonawa, kuzari kuma shi ne abin da ke ɓoye a cikinsa wanda ke fitowa ya zama zafi, haske ko motsi. Ban tabbata malaman Hausa za su sa mata hannu a kan wannan rabo ba, amma ya yi aiki. Na biyu, duk abin da aka ambata sai an tambaye shi "daga ina?", amsar ma a sake tambayarta, har sai an ƙure.

Sai ga lokaci ya taimake ta ta hanyar da babu mai fata. A ƙarshen watan Oktoba na 2024 Kano da mafi yawan jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda, bayan ɓarayi sun lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, layin da ake kewayowa da shi ta wajen Makurɗi shi ma ya faɗi. Ƙanƙara ta yi tsada, kuɗin cajin waya ya hau, markaɗe ya hau, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin jarka tunda rijiyoyin burtsatse sun koma kan janareta, ga litar fetur ta haura naira dubu. Kowace yarinya ta shigo aji da labarin gidansu.

Malama ta ce, "To, wutar gidanku daga ina take zuwa?" Suka ce, "Daga Nepa, Malama." Sunan nan tun 2005 aka daina amfani da shi a hukumance, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinsu, amma ya ƙi barin baki. Ta ce, "Ita kuma daga ina?" Aka ce taransifomar unguwa. Daga nan aka yi shiru, har wata daga kan tabarma ta ɗaga hannu ta ce babanta direba ne, ta taɓa binsa Kaduna, ta ga dogayen turakun ƙarfe suna bin daji da wayoyi. Malama ta zana su a allo: babbar tashar Kumbotso, daga can zuwa Mando a Kaduna, daga Mando zuwa madatsar Shiroro a Jihar Neja, wadda ke kan Kogin Kaduna, ta kuma fara aiki a 1990. Ta bayyana yadda ruwan da aka tare yake gangarowa da ƙarfi ya juya manyan farfeloli, su kuma su juya injin da ke haifar da lantarki. Ruwan daga ina? Daga damina. Damina daga ina? Daga girgije. Wa ya ɗaga ruwan ya kai shi sama? A nan wata ta tuna yadda shanya ke bushewa a kan igiya, ta ce rana.

Ajin ya ɗan yi tsit, sannan surutu ya ɓarke. Ban taɓa ganin aji ya isa wannan wuri da ƙafarsa ba, kullum mu ne muke faɗa musu su rubuta.

Ba ta bar su da tunanin cewa duk wutar ƙasa daga ruwa take ba. Ta ambaci Kainji da aka kammala a 1968, sannan ta gaya musu mafi yawan lantarkin da ke kan layin ƙasa daga tashoshin da ke ƙona iskar gas yake fitowa, galibinsu a Kudu, irin su Egbin a Legas, kuma bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, iskar ce zai kawo mana. Kan sola ba ta sha wahala ba, don sun saba ganin faranti a kan rufin masu caji da masallatai. Ta ƙara musu da cewa Jami'ar Bayero tana da tashar sola tun 2019, akwai kuma wata mai megawat 10 a yankin Kumbotso da aka buɗe a 2023.

Darasi na gaba aka bi sawun fetur. Ta fara da Oloibiri a Jihar Bayelsa ta yanzu, inda aka samu mai a 1956, ta taɓo Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe inda aka ƙaddamar da haƙa a 2022. Da yawa suna zaton tafki ne na fetur a ƙarƙashin ƙasa. Ta ce a'a, ɗanyen mai yana maƙale ne a ƙananan kafofin dutse kamar ruwa a jikin soso, asalinsa kuma ƙananan halittun teku ne da laka ta binne miliyoyin shekaru, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su. A kan matata ta kawo misalin surfe da tankaɗe: daga hatsi ɗaya ake fitar da dusa, tsaki da gari. Haka ake dafa ɗanyen mai, kowane ɓangare ya tashi a nasa zafin, iskar girki a sama, sai fetur, sai kananzir, sai dizal, kwalta ta kwanta a ƙasa. Ta faɗa musu misalin bai cika ba, tunda rariya da girman ƙwaya take rabawa, matata kuwa da zafi. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata. Matatar Kaduna ta 1980 da ta Ɗangote a Legas mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, duk sun shigo a nan. Rikicin gas biyu ma a nan ya mutu, da suka ga na silinda a saman zanen matatar, na tirela a tsakiya.

Wata ta tambaya, "Malama, in ya ƙare, Allah ba zai sake ajiye wani ba?" Na ɗaga kai in ji yadda za ta fita. Ta ce har yanzu yana kan samuwa da ikon Allah, amma a hankalin da ba zai riske mu ba, ba zai riski jikokin jikokinmu ba. Fetur gado ne, in ji ta, ana ci yana raguwa, rana kuwa cinikin yau da kullum ce. Wannan misali shi ya fi yawan fitowa a takardun jarrabawa daga baya.

Kwal ne ya ba ta wahala. Ta faɗa musu an gano shi a Udi kusa da Inugu a 1909, saboda shi aka ja layin dogo daga can zuwa Fatakwal, kuma jiragen ƙasan da suka riƙa kwashe gyaɗa daga Kano da shi suke tafiya kafin a koma masu dizal. Ta ce dutse ne, dazuzzuka ne da ƙasa ta danne miliyoyin shekaru, gawayi kuwa aikin 'yan kwanaki ne a ramin da aka rufe da ƙasa. Ta nuna hoto a wayarta. Waya ɗaya, idanu fiye da ɗari da sittin, baƙin abu a ƙaramin gilashi. Suka ce, "Malama, ai gawayi ne."

Gyaɗa da murhun mai awara

Gwaji biyu ta yi, kuma su suka cinye lokaci. A na farko ta soke ƙwayar gyaɗa a bakin waya, ta kunna mata ashana, ta riƙe ta a ƙarƙashin gwangwanin madara mai ɗan ruwa da ma'aunin zafi a ciki. Gyaɗar ta kama, ta yi ta ci da harshen wuta tana ɗigar mai, ma'auni yana hawa. Giram ɗaya na gyaɗa yana ɗauke da kilojul (ma'aunin kuzari) kusan 24, ya fi giram ɗaya na busasshen ice mai kusan 16. Yarinyar da ta ce rana ba makamashi ba ce ita ta tambaya ko ke nan abinci ma makamashi ne. Malama ta ce ta bi shi da "daga ina?" ta gani. Ta bi: gyaɗa, ganye, rana.

Na biyu ya buƙaci izinin shugabar makaranta, wadda ta ce ba za a shigo mata da silinda cikin yara tamanin masu hijabi ba, kuma ban ga laifinta ba. Aka daidaita a kan murhun matar da ke tuyar awara a bakin ƙofa lokacin tara. Malama ta aro sikeli a wani shago, aka auna ice kafin a hura, aka ɗora lita ɗaya ta ruwa, da ya tafasa aka kashe aka sake aunawa. Kafin nan sun yi lissafi a allo: ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin kilojul 4.2, daga digiri 28 zuwa tafasa ke nan kusan kilojul 300. A takarda, ice giram 20 ya isa, guntun da bai fi yatsu biyu ba. Abin da murhun ya cinye ya ninka haka wajen sau goma. Ta ce, "Sauran ina ya tafi?" Suka nuna hayaƙi, suka nuna duwatsun murhun, wata ta nuna fuskar mai awara da ke zufa. Mai awarar da kanta ta sa baki, ta ce ai shi ya sa take kare murhun da langa-langa idan iska ta taso.

A nan ne kuma ma'aunin ya tsaya a wajen digiri 98 ruwa na ta tafarfasa, monita ta ce ya lalace, littafi 100 ya ce. Malama ta bayyana cewa Kano tana kusan mita 500 sama da teku, iska ba ta danna ruwa a nan kamar yadda take yi a Legas, saboda haka yakan riga tafasa. Wannan ba ya cikin shirin darasi, kuma na tabbata rabinsu bai shige su ba.

Gwajin ya zo da nasa aibu. Waɗanda ke gaba ne suka gani, na baya labari suka ji. Gefen hijabin wata ya kusa lasar wuta, Allah ya kiyaye. Da an raba ajin gida huɗu an yi shi a kwana biyu da ya fi, amma ina lokacin?

Gardamar itace

Littafi ya sa itace cikin masu sabuntuwa. Wata 'yar mai sayar da ice ta ƙi yarda. Ta ce babanta yana cewa da can motocin ice daga nan kusa suke ɗaukowa, yanzu sai sun kwana a hanya, kuma ɗaurin da ake ba su yana ƙanƙancewa kullum. Ta ce, "Malama, in yana sabuntuwa me ya sa yake nisa?" Malama ta rubuta tambayar a allo, ta bar su suka yi ta kai-kawo. Aka kawo icen wankan jego na kwana arba'in, aka kawo gidajen burodi da masu tsire. Ita kuma ta ƙara musu da lissafin gawayi: a ramin gargajiya sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na ice kafin a samu kilo ɗaya, wanda ke ɗauke da kilojul kusan 30,000, fiye da rabin kuzarin icen ya riga ya tashi a daji kafin buhu ya iso Kano. Matsayar da suka cimma ita ce itace yana sabuntuwa ne muddin dashe da tsiro sun riga gatari gudu.

Da yake hunturu ya kawo kai, ta saci minti goma ta yi musu gargaɗi kan shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa da taga, da kunna janareta a soro ko tsakar gida kusa da ɗakin kwana. Ta ce iskar da ke kisa ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya yi barci ya zarce. Babu wadda ta yi surutu a wannan minti goma.

Abin da jarrabawa ta nuna

Ni da ita mun saɓa a kan abu biyu. Babin ya ci mata makonni uku, ya danne na bayansa, sai da ta yi gudu a ƙarshen zango, ni kuma ni zan amsa tambaya idan masu duba makarantu suka buɗe littafin. Na biyu shi ne itace. Na ce mata ranar jarrabawar kammala aji uku babu mai tambayar ra'ayin 'yar mai ice, amsar da ke takardar maki ita ce mai sabuntuwa. Ta ce za ta koya musu su rubuta hakan, su kuma san sharaɗin. Na bar ta a kan haka, ko da yake har yanzu ina ganin masu rauni a ajin za su iya rikicewa.

A jarrabawar ƙarshen zango rikicin gas ya kusa ɓacewa, kuma mafi yawansu sun iya bin sawun ice ko ruwan madatsa har zuwa rana. Lantarki bai warware duka ba: har yanzu akwai masu sa batir da janareta a jerin tushe, duk da ta sha faɗa musu batir randa ce, ba rijiya ba. Babban gibin kuma na harshe ne. Na kira biyar daga cikin waɗanda suka faɗi na tambaye su da baki, da Hausa, huɗu suka ba ni amsar da ta fi ta littafi, amma a takardarsu jimlar Turanci ɗaya ba ta miƙe ba. Malama ta fara rubuta kowace kalmar babi a allo gida biyu, Hausa da Turanci, tana sa su gina jimla guda kafin a tashi.

Kwal da gawayi kuwa sun ci gaba da cakuɗewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na takardun. Ta sa wani ɗan'uwanta da ke zirga-zirga Gombe ya samo mata dunƙule daga Maiganga, inda ake haƙar kwal. Ya iso a mako na biyu na sabon zango, a cikin ledar burodi. Ta nemo gawayi mai irin girmansa a wurin mai awara, ta ba yarinyar da ke farkon benci, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ta ce ta jijjiga ta miƙa wa ta kusa da ita. Kafin su kai benci na ƙarshe an buga ƙararrawa, na baya suka ƙi fita tara sai da ya iso hannunsu.